Babi na Huɗu: Farar Ranar Macuto da Idon Mutumin Sarkin Yamma

A shekarar 1926, a Macuto, wani ƙaramin gari da ke gaɓar tekun Karibiyan a ƙasar Benezuwela, wani mai zane da ake kira Armando Reverón ya ɗauki fentin mai ya zana abin da yake gani kullum: jikin rumfar da yake zaune a ciki, da hasken rana yana kutsowa ta tsakanin itatuwa da ganyen kaba. Ya sa wa aikin suna Luz tras mi enramada, wato haske a bayan rumfata. Zanen ƙarami ne, faɗinsa bai kai mita ɗaya ba, kuma kusan dukansa fari ne da ruwan toka. Babu layi ɗaya a cikinsa da aka ja da ƙarfi. Ɗigo-ɗigon fari ne a warwatse, wasu da kauri, wasu a shafe, kuma sai mutum ya ja da baya ya ɗan jima yana kallo kafin rumfar ta fito masa. Mai ganinsa karon farko yana iya cewa ba a gama ba, ko kuwa ya koɗe. Abin da wannan babi yake son tabbatarwa shi ne an gama shi sarai, kuma gaskiya ya faɗa a kan ranar ƙasashe masu zafi, gaskiyar da manomin Sarkin Yamma, a gundumar Madarunfa, ya fi mazaunin Paris saninta. Darajar zanen ƙasa tana ga yadda ya kama hasken wurin, kuma waɗanda suka tashi a ƙarƙashin irin wannan haske su suka fi cancantar yanke masa hukunci.

Kafin a yi nisa, ya kamata a san cewa ba rashin iyawa ya kai Reverón ga wannan salo ba. An haife shi a Karakas ranar 10 ga Mayu, 1889, ya shiga makarantar koyon zane ta birnin a 1908, sannan a 1911 ya tafi Sifaniya, ya yi karatu a Barsalona da Madrid, ya leƙa Paris, ya dawo gida a 1915. Duk abin da ake koya wa ɗalibi a Turai na auna nisa da kusa, da haɗa launi, da fitar da kamanni, ya sha shi ya ƙoshi. Ya dawo ya tarar da samarin masu zane na Karakas, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu ta Círculo de Bellas Artes a 1912, sun gaji da kwaikwayon tsofaffin malamai a cikin ɗaki, sun fita fili suna zana ƙasarsu. Ɗaya daga cikinsu, Manuel Cabré, ya ƙare rayuwarsa yana zana dutsen Ávila da ke tsaye a kan birnin. Shi kuwa Reverón sai ya tsallake dutsen ya gangara bakin teku. A 1921 ya tare a Macuto tare da abokiyar zamansa Juanita, ya kafa bukkoki, daga baya ya kewaye su da katangar dutse, gidan da aka sani da El Castillete. Masanin zane Alfredo Boulton ya kasa ayyukansa kashi uku, zamanin shuɗi, zamanin fari, da zamanin ruwan ƙasa. Zamanin farin ya faro ne a tsakiyar shekarun 1920, ya ɗauki kimanin shekara goma, kuma a cikinsa wannan zane ya faɗo.

Abin da ya tarar a bakin tekun matsala ce da makarantun Turai ba su tanadar masa maganinta ba. Fasahar zana ƙasa da fentin mai ta girma ne a Holan da Ingila da Faransa, inda rana ba ta taɓa tsayawa a tsakar ka. Paris tana kusan digiri 49 arewa da layin Ikwaita, saboda haka haskenta a karkace yake zuwa, inuwa tana da tsawo, launuka suna fitowa a cike, kore ya zama kore, ja ya zama ja. Tun da wani Ba'amurke mai suna John Rand ya ƙirƙiro bututun ajiye fenti a 1841, masu zane suka sami damar fita daji da kayansu, har su Claude Monet suka mai da bin sawun haske sana'arsu, amma hasken da suka bi na ƙasarsu ne. Macuto kuwa tana wajen digiri 10 da rabi, Maraɗi tana wajen 13 da rabi, wato kusan ɗamara ɗaya suke a jikin duniya. A irin waɗannan wurare rana tana tsayawa daidai tsakar ka sau biyu a shekara, a Maraɗi wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Idan ta take, inuwa takan shige ƙarƙashin ƙafa, yashi ya mayar da hasken sama, ido ya ƙanƙance, launuka su gudu. Wanda ya zana wannan lokaci da koren Faransa da shuɗin samaniyar Holan ya yi zane mai kyan gani, amma ya yi wa wurin ƙarya.

Ga kuma wata wahala ta sana'ar kanta. Fenti garin launi ne da aka kwaɓa da mai, ba ya bayar da haske, kuma farin da ya fi kowane fari a kan ƙyalle bai kai ko kusa da walƙiyar rana a kan yashi ba. Mai zane ba shi da hanyar ƙara wa farinsa ƙarfi sai ta rage abin da ke kewaye da shi. Wannan Reverón ya yi. Ya rage launuka har suka kusa ƙarewa. A ayyuka da dama ya bar shafa wa ƙyallen farar shimfiɗar da aka saba yi kafin a fara, a kan tsumman buhu ma ya yi wasu, ya bar saƙar buhun a fili ta tsaya a matsayin kututturen itace ko inuwa, ya ɗora fari mai kauri a inda haske ya fi dukan ido kaɗai. Yakan haɗa kayan shafensa da kansa da itace da tsumma. Idan aka matso kusa da irin wannan zane, zare ake gani da dunƙulen fenti, ana iya bin inda hannu ya danna da inda ya wuce a guje. Idan aka ja da baya taku uku ko huɗu, sai zaren ya koma itacen kwakwa, dunƙulen ya koma rana a kan ganye. Fentin mai ya dace da wannan aiki domin yana jinkirin bushewa, yana kuma riƙe kaurinsa, har tudun fentin da kansa ya kama hasken ɗakin da aka rataye shi.

To, a nan ne mutumin Sarkin Yamma yake da abin da ba a saya a kasuwa. Duk wanda ya taɓa fakewa a rumfa da azahar ɗin bazara, ya kalli zana daga ciki, ya san karan ba ya fitowa ɗaya-ɗaya. Hasken da ke ratsowa ta ƙofofin saƙar yakan cinye gefen kowane kara, sai ido ya ga ɗigo-ɗigon fari suna rawa a cikin duhu-duhu. Abin da ke cikin zanen 1926 ke nan, ba ragi ba ƙari. Haka kuma wanda ya san hunturu, lokacin da iska ke ɗauko ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta baza ta a kan ƙasar Hausa, ya san yadda gawo da ke bakin gona yake komawa inuwar kansa, da yadda sama da ƙasa suke haɗewa babu iyaka a tsakani, da yadda ayarin shanu yake ɓullowa daga hazo sannu-sannu. A Macuto tururin teku da gishirin iska suke yin wannan aiki, a kwarin Gulbin Maraɗi ƙura ce take yi, amma abin da ido yake sha ɗaya ne. Saboda haka tambayar da ta kamaci mai kallo ita ce, wane lokaci ne na yini, daga ina rana take dukan wurin, kuma idan na tsaya a can idona zai buɗe ko zai runtse. Zanen da ya amsa waɗannan ya cika aikinsa, ko da ba a iya ƙirga ganyen da ke cikinsa.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko su ne masu cewa aikin mai taɓin hankali ne aka yi wa ado da bayani. Gaskiya ne Reverón ya yi fama da ciwon ƙwaƙwalwa, an kwantar da shi a asibitin San Jorge na Karakas a 1945 da kuma 1953, a can ma ya rasu ranar 18 ga Satumba, 1954. Gaskiya ne kuma yana da halaye na daban, yakan ɗaure ƙugunsa tamau da igiya, ya toshe kunnuwansa kafin ya fara aiki. Amma ciwo ba ya bayyana yadda mutum zai shekara goma yana bin matsala guda da dabara guda, yana gyara ta daga wannan zane zuwa wancan, sakamakon kuma ya dace da abin da duk mai lafiyar ido yake gani a tsakar rana. Aikin ruɗewa ba ya maimaituwa bisa tsari, kuma ba ya jure gwaji, wannan kuwa kowa yana iya gwada shi a bakin gonarsa. Mutanen ƙasarsa sun ba shi babbar lambar yabo ta zane a 1953, gidan adana fasahar zamani na birnin Niyok ya baje kolin ayyukansa a 2007, kuma ranar haihuwarsa ce Benezuwela ta keɓe don girmama masu zane. Waɗannan ba su ne hujjar ingancinsa ba, amma suna nuna cewa idanu masu yawa sun bincika sun ga abu ɗaya.

Na biyu su ne masu cewa kyamara ta kashe wannan sana'a, tunda yau yaron da ke kiwo ma yana da waya a aljihu. Sai dai kyamarar waya an gina ta ne don ta gyara haske. Idan ya yi yawa ta rage shi, idan sama ta koɗe ta ƙara mata shuɗi, idan ganye ya yi fari-fari ta mayar da shi kore shar, domin an tsara ta a kan abin da masu saye suke so su gani. Hoton da ta bayar na tsakar ranar Afrilu yakan fito da sanyi-sanyi, babu zafin da ya sa mai ɗaukar ya kare fuskarsa da hannu. Ban da haka, ƙiftawar ido ɗaya take kamawa. Mai zane kuwa yakan wuni a wurin, ya dawo gobe, ya dawo baɗi, abin da ya ɗora a ƙyalle taƙaitawar dogon kallo ne, bayan ya zaɓi abin da zai bari da abin da zai zubar. Hoto yana da nasa amfanin wajen shaida da ƙirga, ba mai musun wannan, amma yadda wuri yake zama a idon wanda ya daɗe a cikinsa, hannun mutum ne yake iya faɗa.

Na uku ya fi nauyi a wurinmu, shi ne batun addini. Musulmi da yawa suna ƙyamar duk abin da aka kira zane saboda hadisan da suka yi gargaɗi a kan yin surar mai rai, kuma wannan taka-tsantsan abin girmamawa ne. Amma malamai sun daɗe da rarrabewa. A cikin Bukhari da Muslim an ruwaito cewa wani mutum da ke cin abinci da yin surori ya je wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya gargaɗe shi, sannan ya nuna masa cewa idan ba makawa sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Zanen ƙasa, na itace da ruwa da dutse da haske, a cikin wannan sassauci yake zaune. Reverón ya zana mutane ma, ya kuma ɗinka manyan 'yan tsana na tsumma, wannan fanni ne dabam mai hukunci dabam, ba kuma shi ake karewa a nan ba. Abin da ake karewa shi ne tsayawa a dubi halitta da natsuwa, kuma Alƙur'ani ya yawaita kiran mutane su yi tunani a kan sauyawar dare da rana, da saukar ruwa, da rayuwar ƙasa bayan mutuwarta.

Na huɗu su ne masu cewa wannan kayan baƙi ne, mu muna da namu. Lalle muna da shi: zanen bangon gidajen unguwar Birni a Damagaram, ginin masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mikaila ya yi a ƙarni na 19, aska takwas a jikin babbar riga, rinin Ƙofar Mata, zanen ƙwarya. Waɗannan fasaha ce ta tsari da ma'auni, kuma idon da ya saba da su ya riga ya san cewa abu yana iya yin kyau ba tare da ya kwaikwayi komai ba, wanda shi ne rabin fahimtar Reverón. Amma ba su ɗauki nauyin nuna kamannin ƙasa ba, sai wannan aiki ya faɗa hannun wasu. A watan Janairu na 1851 Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Tasawa da Gazawa ya nufi Katsina da Kano. Hotunan da suka fito a littattafansa, har da na Kano daga kan Dala, wani mai zane ne a Jamus, Johann Martin Bernatz, ya ƙawata su daga zayyanar da Barth ya kawo, alhali shi Bernatz bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Haka Kudancin Amurka ta daɗe ana ganinta ta idon baƙi irin su Frederic Church, wanda ya zana tsaunukan Andes a 1859 don masu kallo na Niyok. Abin da Reverón da tsararsa suka yi shi ne karɓe wannan aiki su mayar da shi gida, kamar yadda ɗaliban kwalejin Zariya, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka yi yunƙuri a 1958. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuma ya san inda rana take shigo masa.

Saura masu tambayar amfani, waɗanda za su ce wanda yake lissafin damin gero ba ya da lokacin kallon fari a kan buhu. Tarihin jihar Maraɗi da kansa ya nuna cewa iya kallo ba abin shagala ba ne. Bayan farin shekarun 1970 an kashe dukiya wajen dasa itatuwa, akasarinsu suka mutu, alhali saiwoyin sabara da kalgo da gawo suna nan da rai a ƙarƙashin gonaki, suna tohowa duk shekara ana sassabe su. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa waɗannan tsirrai itatuwa ne masu neman tashi, manoma kuma, waɗanda suka fi shi sanin kowane iri, suka ɗauki dabarar rage rassa a bar masu ƙarfi, suka kyautata ta, aka kira ta sassabin zamani. Da masana suka kwatanta hotunan sama na 1975 da na bayan shekara ta 2000, sai suka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a kudancin Nijar. Ba zane ne ya kawo wannan ba, kuma ba a ce shi ne ba. Abin da ake cewa shi ne abu yakan shekara a gaban mutane ba su gan shi ba, domin an koya musu neman wani abu dabam. Zanen kirki horo ne na kwance wa ido abin da aka ɗora masa, kuma al'ummar da rayuwarta ta rataya a kan karanta sama da ƙasa ba ta rasa buƙatar wannan horo.

Akwai kuma batun ajiya. A watan Disamba na 1999 ruwa da laka suka gangaro daga dutsen Ávila suka share garuruwan gaɓar, suka halaka dubban mutane, suka rushe El Castillete. Rumfar da aka zana a 1926 babu ita, amma yadda rana take shiga cikinta yana nan a kan ƙyalle. Mutanen Maraɗi sun san irin wannan rashi, domin ambaliyar 1945 ce ta cinye tsohon garin da ke cikin kwari, aka koma kan tudu. Gulbi ya canja hali tun da aka yi madatsar ruwa ta Jibiya, dajin Baban Rafi yana shan gatari, tafkin Madarunfa yana cika yana janyewa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da haskensa na safe da na la'asar, na kaka da na rani, wanda tsofaffi suke riƙe da shi a ka, kuma zai tafi tare da su. Gaskiya ne yawancin masu karanta wannan littafi a fuskar waya za su ga aikin Reverón, inda kaurin fenti da saƙar buhu suke ɓacewa, haske kuma yana fitowa daga bayan gilashi maimakon ya faɗo a kan zanen. Rashi ne na gaske, kuma shi ne babban dalilin da ya sa ake buƙatar zane-zanen da aka yi a nan, waɗanda za a iya tsayawa a gabansu a matso a ja da baya.

Darasin Macuto, ke nan, ba ya neman kowa ya koma zana fari. Rana ɗaya ce, amma jan yashin jigawa da baƙar ƙasar fadama da koren gawo a tsakiyar rani, lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, za su buƙaci tasu dabarar, wadda sai an zauna a wurin shekaru za a gano ta. Abin da Reverón ya tabbatar shi ne tsadar kaya ba ta cikin sharuɗɗan wannan aiki, tunda buhu da itace da tsumma sun ishe shi, kuma mutumin da ya yi karatu a Turai yana iya ajiye abin da bai dace da ƙasarsa ba ya riƙe abin da ya dace. Ya rage wa malaman makarantu da iyaye a Sarkin Yamma da Safo da Jiratawa da Gabi su daina ɗaukar yaron da ke zana itatuwa a bayan littafinsa a matsayin mai ɓata takarda, su tura shi bakin gona da azahar, su ce ya zana abin da idonsa ya gani, su kuma auna aikinsa da ranar da suka sani tun suna yara.